Ba Zan Goge Shafin Lawali Ba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar maigidana. Yana raye ban taɓa kiran sunansa ba, Baban Nana nake ce masa, amma tun da jarida ce zan rubuta shi yadda mutanen Maradi suka san shi: Lawali mai shafi, na Sabon Gari. Ban yi nisa a lakwal, wato makarantar boko, ba, ban kuma saba magana a gaban jama'a ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana shi ne maganar aikin da ya bari ta ƙi kwanciya. Duk shekara sai an taso mini da ita, cewa in goge shafin da ya gina a yanar gizo. Na gaji da ba kowa amsa shi kaɗai. Zan ba da ita sau ɗaya, mai so ya karanta.

Shagon ƙarami ne, ɗaki ɗaya da baranda, tsakanin mai gyaran babur da mai sayar da hatsi. Ordinatar, wato kwamfuta, biyu ne a ciki, da injin hotokofi, da wani tsohon injin wuta da ke tari in an ɗauke kuran, wato lantarki. Gidansu Lawali gidan fatauci ne, yayyensa manyan motoci suke lodi suna tsallaka iyaka. Shi kaɗai ya fita daban. Abokan cinikinsa su ne mutanen da ba a cika ba kujera a wurin taro ba: ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na unguwanni, makaɗan noma, mata masu waƙar aiki, masu zanen ƙwarya. Yana buga musu takardun talla. Yana rubuta musu takardar neman shiga bikin al'adu da Faransanci, tun da yawancinsu ba su iya ba. Kowace ƙungiya kuma ya gina mata ɗan shafinta a yanar gizo. Daga baya ya tattara su ƙarƙashin babban shafi guda, inda mutum zai shiga daga ko'ina ya ji waƙa, ya kalli wasa, ya san sunan mai shi da garinsu. Ni ce a baranda, ina hotokofi ina tarbar baƙi, shi yana ciki yana gini.

Kowa ya san al'adarmu. In mawaƙi ko ɗan wasa ya rasu, kafin a share makoki an fara kira kan abin da aka ɗauka nasa: a goge, a goge, kada alhaki ya bi shi kabari. Lawali ya sha ganin yadda wannan magana ke raba gida. Ƴaƴa na son a bari, ƙanne na son a goge, shi kuma mai abin ba shi da bakin magana. Sai ya ɗauko wata hanya tasa. Ba ya ɗora komai a shafi sai ya koma wurin mai shi, ya kunna masa ya ji da kunnensa, sannan ya tambaye shi: “In Allah ya karɓi ranka, a bar wannan ko a sauke?” Ya ɗauki amsar da muryar mutum, ya ajiye ta tare da waƙar. Ba shugaban ƙungiya kaɗai ba, har ƴan amshi sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Aikin da wani zai gama a mako, shi sai ya kai wata. Na sha yi masa mita a kan man babur.

Na taɓa bin shi Jiratawa lokacin tsinkar zogale. Matan suna zaune ƙarƙashin mangwaro a bakin hanyar ruwa, ganye ya cika tabarmi. Shugabarsu Inna Tabawa ce, tsohuwa mai murya kamar ta budurwa. Ya kunna musu waƙarsu, suka yi ta dariya suna nuna wadda ta shigo amshi a makare. Da ya yi tambayarsa sai Inna Tabawa ta dube shi ta ce, “Kai Lawali, daga Maradi ka taso takanas ka kashe ni?” Ya ce, “Inna, ni ma ban san wanda zai riga wani ba.” Ta ce, “To ka bar ta. A bakin kakata na ji wagga waƙa, ita ma da za ta tafi ba ta goge ba. Babu zagi a ciki, babu batsa, ganye muke tsinka muna gode wa Allah. Amma ka cire Habsu, ta ɓata mana amshi.” Habsu ta jefe ta da reshen zogale. A cikin matan nan akwai biyu da suka ce a sauke nasu, ɗaya saboda mijinta, ɗaya ba ta faɗi dalili ba. Bai tambaye ta dalili ba. Ya sake ɗaukar waƙar ba tare da su ba.

Shi ya riga su duka. Zazzaɓi ne, bai daɗe yana jinya ba.

Bayan sadakar arba'in, yayansa Alhaji Sanusi ya zo gidanmu a unguwar Zariya, nan Maradi. Ina so mai karatu ya sani, Alhaji ba mugu ba ne. Shi ya raini Lawali, shi ya yi masa aure, har yau kuma shi ke tsaye a kan karatun ƴaƴanmu. Ya zauna a bakin ƙofa, ina daga ciki cikin takaba, ya ce, “Rakiya, yaron nan ya tafi ya bar ganga tana kaɗawa a kansa. Duk wanda ya kunna, shi ake rubuta wa. Ki sa a goge abin nan, mu gina masa rijiya.” Na ce, “To, Yaya Alhaji, na ji.” Ban ce zan yi ba, ban ce ba zan yi ba. A lokacin ko abinci ba na iya haɗiyewa, balle gardama.

Da na fita takaba na buɗe shago. Niyyata in duba abin da za a goge, in sallami kowa. Wani abokin aikinsa da ke Yamai ya riƙa nuna mini ta waya inda zan taɓa. Sai na tarar kowace waƙa da kowane wasa da amsar mai shi a gefe. Na zauna ina kunnawa. Wannan ya ce a bari. Wannan ta ce a bari don jikokinta su san ta yi murya. Wannan ya ce a sauke ranar da aka binne shi. Wani ɗan wasan kwaikwayo ya ce a bar wasan da suka yi kan kai yara rigakafi, amma a sauke wanda ya sa zane ya fito a mace, kada ɗiyansa su gani. A bayan kowace murya ina jin tasa yana cewa, “To, na karɓa. Allah ya ba ni ikon cikawa.”

A nan na tsaya. Mutanen nan ba kaya suka sayar masa ba, amana suka ba shi. Ya ce ya karɓa. In na goge duka da sunan ceton shi, na karya masa alkawarin da ya ɗauka a gaban mutane da yawa, na kuma aika masa da shi can inda ba zai iya gyarawa ba.

Ni ba malama ba ce, ba zan yi wa kowa fatawa ba. Na tambayi masu ilimi, wasu sun ce kiɗa duka a bar shi, wasu sun ce a duba abin da waƙar ke faɗa. Kada wani ya ɗauka ba na jin tsoro. Mijina ne ke kwance, ba mijin masu ba ni shawara ba. Akwai ranakun da nake idar da salla in zauna ina tunanin ko ni ce nake ƙara masa nauyi. Abin da nake roƙo kullum shi ne, in akwai alhaki a cikin barin shafin nan, Allah ya ɗora a kaina, tun da shi ya tafi, ni ce na bari da sanina. Wannan roƙon na yi shi shekara bakwai, ban janye ba.

Wani lokaci ina tunanin me zai ce da ya ga yau. Yanzu kowa da waya a hannu, kowa mai ɗauka ne. Ana ɗaukar tsohuwa tana rawa a biki a watsa ta duniya ana dariya, ba ta ma san an yi ba. Ana ɗaukar faɗan miji da mata, ana ɗaukar mai hatsari yana kwance a bakin hanya kafin a ɗaga shi. Babu mai tambayar rayayye, balle a tuna da ranar mutuwarsa. Samari suna shigowa shago suna ce mini, “Hajiya, wa ke shiga shafi yanzu? Ki yanka su gajere-gajere ki watsa, ki ga yadda za a san ki.” Na san da yana nan zai koyi sabuwar hanyar kafin su, don bai taɓa tsoron sabon abu ba. Amma na san zai hau babur ya je ya yi tambayarsa tukuna. Abin da ke ba ni mamaki shi ne, wasu daga cikin masu ce mini in goge don tsoron Allah, su ne ke tura hoton mutum ba da izininsa ba. Ba na faɗin haka a kan Alhaji. Shi ko hoton kansa ba ya so.

Da daminar bana Allah ya yi wa Baba Nomau rasuwa a Tibiri. Makaɗin noma ne, irin wanda in ya saki ganga a gona, ragon gari ma sai ya nemi hauya. Kiɗansa ne aka fi saurare a shafin gaba ɗaya. Ni kaina shi nake kunnawa in shago ya yi shiru. Bayan addu'ar bakwai babban ɗansa ya zo da ƙanensa. Ya ce, “Hajiya, mun zo roƙo. Mun san Baba ya yi magana da marigayi, amma ki bar kiɗan. Ta nan ake neman mu wasa har daga Nijeriya. In kin sauke, kin rufe mana ƙofa.” Na ba su ruwa, na kunna musu muryar mahaifinsu. Ga abin da ya ce: “Ɗana, in na mutu ka sauke ni. Na ishi mutane da ganga ina tsaye, kar in ishe su ina kwance. Ɗiyana su riƙe a gida in suna so. In sun isa makaɗa, su kaɗa nasu.” Ƙaramin ya sunkuyar da kai yana dariya yana hawaye, ya ce, “Wallahi shi ne, ko ya mutu sai ya yi mana gori.”

Na kwafe musu duka suka tafi da shi gida. A gabansu na sauke kiɗan daga shafi. Na san akwai masu shi a wayoyinsu, wannan ba ya hannuna. Abin da ke hannuna na cika. Na yi musu alkawarin zan je Tibiri bayan girbi mu ɗauki nasu, in sun yarda su amsa tambayar. Wani malamin jami'a daga waje ya rubuto yana cewa na yi wa tarihi asara. Na amsa masa da Hausa cewa mai ganga ne ya ce a sauke.

Labari ya kai wa Alhaji. Ya zo shago da kansa, abin da bai taɓa yi ba ko Lawali yana raye. Ya tsufa, da sanda yake tafiya yanzu. Fuskarsa a sake ya ce, “Alhamdu lillahi, Rakiya. Na ji kin fara. Ki ƙarasa, Allah ya yi miki albarka.” Na ce, “Yaya Alhaji, ban fara komai ba. Wanda ya ce a sauke na sauke. Wanda ya ce a bari, yana nan.” Ya ce, “Shi fa? Kowa an tambaye shi mi yake so. Ƙanena wa ya tambaye shi?”

Maganar ta soke ni, don gaskiya ce. Babu wanda ya tambaye shi, har ni da muke kwana ɗaki ɗaya. Na ce, “Ba wanda ya tambaye shi, Yaya. Amma ka shiga ka duba. Babu waƙarsa ko ɗaya, babu wasansa, ko hotonsa babu. Ba shi da abin gogewa a nan sai alkawari.” Bai shiga ba. Ya daɗe yana kallon ƙofar ɗakin da ƙanensa ke zama, ya ce, “Allah ya jiƙan shi.” Na ce amin. Na raka shi har mota. Bai yarda da ni ba, ni ma ban yarda da shi ba, kuma Juma'a zan kai masa yara gaisuwa yadda na saba.

Rijiyar da ya yi magana an gina ta tun tuni a wani ƙauye bayan Jiratawa, na sa abin da na samu a ciki, ina fatan ladanta na isa gare shi. Lawali bai bar mota ba, bai bar bene ba. Ordinatocinsa sun mutu na sake wasu. Shafin ma na san wata rana zai tsufa, ko ya ragu da kansa, tun da duk wanda ya ce a sauke shi ranarsa na zuwa. Abin da ya bari shi ne, a garin nan an taɓa yin mutumin da ya ɗauki makaɗi da mai tsinkar ganye a matsayin masu iko da muryarsu, suna raye da bayan ransu. Wannan ba na gogewa ba ne, kuma ba ni da ikon kyautar da shi don a bar ni in huta.

Allah ya haskaka makwancinka, Baban Nana, ya yafe maka abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Masu zuwa mini da maganar baɗi, ku huta da tafiya. Amsar ita ce wannan.