Muntaka Mai Fitila

A ƙauyensu da ke bayan garin Turawa, in ka ce Muntaka kawai sai a tambaye ka wanne, don su uku ne. In ka ce Muntaka Mai Fitila kuwa, kowa zai nuna maka gidan. Ba sayar da fitila yake ba, bai ma iya gyaranta ba. Mahaƙi ne. Da rani yana haƙa wa mutane rijiya, in babu rijiya yana can ramukan farar ƙasa da ke gabas da gari, inda sai an nutsa gaba shida ko bakwai kafin a tarar da ita, a cika buhuna, motoci su zo su kwashe. Da damina ya noma dawa da gyaɗa kamar kowa. Ya haura hamsin, gajere ne mai faɗin kafaɗa, kuma duk wankan da zai yi ba ya raba shi da farin da ya maƙale a gefen farcensa. Matarsa Tasalla ta daɗe da haƙura da wannan.

Sunan ya same shi ne saboda wata 'yar a-ci-bal-bal da ba ya fita aiki sai da ita. Kafin ya shiga kowane rami sai ya kunna ta, ya ɗaura mata igiya, ya zura ta a hankali har ƙasa, ya durƙusa yana leƙe. In ta ci gaba da ci, ya yi bisimilla ya shiga. In ta mutu, to ko za a yi masa magiya ba zai shiga ba. Sai ya saro ganyen darbejiya ya ɗaure dami, a yi ta zura shi ana jawowa kamar ana jan guga, har sai fitilar ta yarda ta zauna a ƙasa da ranta.

A garin Gwangwan ya koyo wannan, wajen kawunsa Sulle, wanda ya koya masa haƙa tun yana saurayi. Wata rana suna yasar wata tsohuwar rijiya fitilar ta mutu, Muntaka ya ce shi dai zai shiga, rana tana yi. Kawu Sulle bai yi musu da shi ba. Ya kamo kaza a gidan da suke aikin, ya sa ta a kwando ya zura, suka ɗan jira ya jawo. Kazar ta fito wuya a lanƙwashe, da ƙyar aka samu aka yanka ta. Abin da Kawu ya ce kawai shi ne, “Ramin bai huce ba.” Bai ƙara ko kalma ɗaya a kan maganar ba har ya bar duniya, shi ma Muntaka bai taɓa tambaya ba, don a lokacinsu ba a tambayar maigida dalili.

Da wannan fitila ya yi shekara talatin da wani abu yana shiga yana fita lafiya. Ya gina gida, ya aurar da 'ya'ya uku, yana da shanun huɗa biyu da yake ji da su fiye da kima. Mutum ne mai wadatar zuci, in ya ci tuwonsa ya sha iska a ƙofar gida, ba ya hassadar kowa. Abu ɗaya ne kawai yake cinsa a rai, shi ne Zubair.

Zubair ɗan yayansa ne marigayi, a gidansa ya tashi, shi ya ɗora masa diga a hannu. Yanzu magidanci ne, da matarsa da 'yar jaririyarsu, kuma shi ne jagoran samarin da suke haƙa a sababbin ramuka. Ba a fi shi ƙarfi ba, ba a fi shi ladabi ba, amma tun da tocilan goshi ta shigo gari ya daina zura fitila, sauran samarin duk suka bi shi.

“Baffa, ai wannan ta fi taka haske sau goma,” in ji shi ranar da Muntaka ya yi masa magana. “Ga shi ba hayaƙi, ba sayen kananzir.”

“Ni ba don haske nake zura ta ba.”

“To don me, Baffa?”

Nan Muntaka ya tsaya. Ya ce ana tambayar ramin ne ko ya huce. Zubair ya sunkuyar da kai don kada a ga murmushinsa. Daga baya labari ya dawo wa Muntaka cewa samarin suna ce wa abin camfi, wai tsohon yana neman izinin mutanen ɓoye ne. Wannan ta yi masa zafi ƙwarai, mutumin da jam'i ba ya wuce shi. Amma zafin kalmar bai kai tsoron da yake ji ba. Kullum ya ga Zubair ya ɗaura igiya a ƙugu ya nutsa, sai kazar Gwangwan ta faɗo masa a rai, kuma ba shi da hujjar da zai tare shi da ita.

Hujjar ta fito ne daga inda bai yi zato ba. Autarsa Kausar tana aji biyar a sakandaren 'yan mata, kuma malamar kimiyyarsu, Malama Sadiya, ta shirya ranar baje kolin ayyukan ɗalibai. Ta ce kowace yarinya ta ɗauki sana'ar da ake yi a gidansu, ta nuna da hannunta ilimin da ke ciki, iyaye su zo su gani. Gaskiyar magana, ba fitilar ubanta Kausar ta fara zaɓa ba. Matsar man gyaɗa ta so, ta tarar yara uku sun riga ta. Da ta rasa abin yi ne ta zauna kusa da shi bayan la'asar, ta ce ya ba ta labarin fitilar. Ya ba ta har da na kazar, ta rubuta ta kai makaranta.

Kwana biyu bayan nan gidan ya rasa zaman lafiya. Kanwar Tasalla ta fara ɓacewa daga gwangwaninta, lemon tsami na bishiyar bayan ɗaki ya ragu, ga guntayen kyandir ko'ina. Tasalla ta ce ita ba ta taɓa ganin karatun da yake cinye kayan miya ba. Kausar ta ƙi nuna wa kowa abin da take yi, ta ce sai ranar. Abin da ta roƙi ubanta kawai shi ne ya zo da fitilarsa da igiyarta.

Muntaka bai taɓa shiga makarantar nan ba in ba ranar zaɓe ba. Ya sa rigarsa ta Juma'a, ya naɗe fitilar a leda kamar wanda ya ɗauko abin kunya. Sannan ya yi 'yar dabara. Ya aika a gaya wa Zubair cewa gwiwarsa ta motsa, ya zo ya kai shi a babur. Gwiwar nan lafiyarta ƙalau, amma har ya isa bakin babur yana ɗingishi.

An jera tebura a inuwar bishiyoyi. Ga mai tace ruwa da yashi da gawayi, ga mai busar da tumatir a cikin akwatin gilashi, ga masu man gyaɗa su uku suna harara juna. Teburin Kausar ya fi kowanne talauci: wata doguwar robar alewa wadda ake ganin cikinta, guntun kyandir a ɗaure da waya, 'yar tocila, dakakkiyar kanwa da ruwan lemon tsami a kwalba. Muntaka ya ji tausayinta.

Da mutane suka taru, ta ce su ɗauka robar nan rami ce. Ta kunna kyandir ta zura har ƙasa, yana ci lafiya, ta fito da shi. Ta zuba kanwa, ta tsiyaya lemon tsami, abin ya yi kumfa yana ƙara, ya lafa. Ta zura tocila, tana haske fes. Ta sake zura kyandir. Bai kai rabi ba wutar ta tsuke ta mutu.

Sai ta yi bayani. Ta ce kumfar nan ta saki wata iska mai nauyi, ba ta da launi ba ta da wari, tana kwanciya a ƙasa kamar ruwa. Irinta tana taruwa a rami mai zurfi daga ruɓaɓɓen ganye da saiwoyi da ita kanta ƙasar. Wuta kuwa iskar da mutum yake shaƙa ita take ci, inda wuta ta mutu mutum ma ba zai daɗe ba. “Ita tocila ba ta numfashi,” in ji ta. “Ko mutum ya faɗi a ƙasan rami, tana nan a goshinsa tana haske.”

Zubair ya matso. “Ƙanwata, ko dai iska ce ta hure shi?”

“Gwada da kanka, Yaya.”

Ya tare bakin robar da jikinsa, ya zura. Ya mutu. Ya ce kyandir ɗin ne ya jiƙe, aka ba shi wani, shi ma ya mutu. Sau uku yana yi. Sannan Kausar ta karyo ɗan reshen darbejiya, ta yi ta zura shi tana fitarwa, ta ce ya sake gwadawa. Wannan karon wutar ta sauka har kusa da ƙasa tana ci.

Muntaka yana tsaye da ledarsa a hannu. Daɗi ya cika shi har ya rasa inda zai sa idonsa. Ashe abin da ya yi shekara talatin yana yi yana da dalili, kuma dalilin yana cikin gwangwanin kanwar matarsa. Malama Sadiya ta gaishe shi da girmamawa, ta roƙe shi ya ɗaga fitilar mutane su gani, ya kuma gaya wa yara wani abu game da sana'arsa. Ya ɗaga ta, baƙa ƙirin da hayaƙi. Ya ce shi dai mahaƙi ne, kawunsa Sulle ne ya koya masa, Allah ya jiƙansa, ya san abin amma bai san sunansa ba. Malama ta ce wa yaran akwai karatu guda na ma'adinai da lafiyar masu haƙa, kuma mata ma suna yinsa. Kausar ta rubuta sunan karatun a tafin hannunta.

Da aka tashi Zubair ya mayar da shi gida a babur. Washegari da hantsi a bakin ramuka, Zubair ya zo ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, “Baffa, in ka gama da ita a ara mini.”

Kwana tara yana ara, kwana tara fitilar tana ci lafiya a raminsa. Samarin suka fara tsokanarsa, suna ce masa Ƙaramin Mai Fitila. Har shi kansa ya fara zura ta da gaggawa, kamar mai sauke nauyi. Ana nan aka yi ruwan farko, aka yi kwana uku ba a shiga rami ba saboda shuka. Ranar da suka koma, Zubair ya riga ya ɗaura igiya a ƙugu, tocila a goshi, sannan ya tuna ya karɓi fitilar. Ya zura. Gaba ɗaya, biyu, uku. A na huɗu wutar ta tsuke ta yi shuɗi, ta mutu.

Zubair ya jawo ta sama, ya tsaya yana kallon lagwanin yana ɗan hayaƙi. Ya sa hannu ya kwance igiyar ƙugunsa.

“Baffa,” in ji shi a hankali, “ina addarka? Bari in saro ganye.”

Muntaka ya miƙa masa adda. Ya bi shi da kallo har ya isa gindin darbejiya, samari biyu suna biye da shi. Sannan ya nemi buhun farar ƙasa ya zauna a kai yana hamdala, domin wannan karon da gaske gwiwoyinsa suka ƙi ɗaukarsa.