Ranar da na yi wa jakadiya magana

Shekarun baya, lokacin da manya suka fara rububin buɗe shafuka a Fesbuk, wani ɗan siyasar yankinmu ya kawo jakadiyar wata ƙasar Turai ƙauyenmu, can wajen Taba, ta buɗe rijiyar burtsatsen da ƙasarta ta haƙa mana. Mu dai mun san tankar ruwa ce ta zo daga Hunkuyi ta cika tankin ana gobe biki. Kwana uku famfon ya ƙafe.

Bayan wata biyu sai na ga jakadiyar ta sa hoton bikin a shafinta, wai matan garinmu sun huta da zuwa rafi. Ni kuwa dawowata ke nan daga rafin, wuyana ko juyawa ba ya yi. Da ɗan Turancina na sakandare mai ɗingishi na rubuta mata cewa babu ruwa. Wallahi na ɗauka irinsu ba sa karantawa. Kafin la'asar ta amsa, har ta ambato ɗan siyasar tana tambayarsa, duniya na gani.

Washegari mota ta tsaya a ƙofar gidanmu. Mahaifina ya shigo ya tsaya a kaina.

"Ke! Ni da furfurata, in ina da kuka mai unguwa nake kai wa, shi ya kai wa dagaci. Ke kin tsallake kowa kin kai ƙara ƙasar waje?"

Mutum biyu ne a motar, masu kula wa ɗan siyasar da shafinsa. Suka ce in goge abin da na rubuta, in kuma tsaya gaban famfon su ɗauki bidiyo ina cewa ƙarya na yi. In na ƙi, Baba ya manta da takin da ɗan siyasar zai raba bana.

Na bi su har gaban famfon. Ɗayan ya ɗaga waya ya ce, "Fara." Bakina ya bushe ƙamas. Ban san sanda na ce, "To buɗe famfon in sha, sai in faɗa" ba.

"Yarinya, kin san da wa kike wasa?"

Sai na ji muryar Baba a bayana: "Ranka ya daɗe, ai ba ta ƙi ba. Ƙishi ta ce tana ji."

Matan da ke wucewa da jarkoki suka fashe da dariya. Ya sauke wayar.

Taki kam ba mu samu ba, masararmu ta nuna hakan, kuma Baba bai taɓa yi min gori ba. An gyara rijiyar kafin kaka, aka sake ɗaukar hoto ba a gayyace mu ba.

Ba jaruma ba ce ni. Har yau in baƙuwar mota ta tsaya kusa da gidanmu sai na leƙa in ga ko su ne. Amma manyan da kansu suka buɗe shafukan nan suka ce a yi musu magana. Ba su dai yi zaton 'yar manomi za ta amsa ba. Na amsa, kuma in famfon ya sake ƙafewa zan sake rubutawa.