Keken Maliki Bai Kashe Maliki Ba

Daga Alhaji Sa'idu, babban injiniya mai kula da ƙofofin ƙarfe na madatsar Makwar, zuwa ga jama'ar Hillar Gambo da ke zaman makoki. Malam Alhasan, a karanta wannan takarda yau ranar sadakar bakwai, a ɗaga murya yadda matan da ke bayan zana za su ji. Kada a tsaya sai an kai ƙarshe.

Labari ya iske ni cewa Allah Ya karɓi ran Maliki ɗan Salihu ranar Alhamis, sha ɗaya ga Rajab, shekara ta 1388, bayan azahar, kwana shida da faɗuwarsa daga kan keke a gadar babbar tur'a, wadda ke kawo wa gonakinku ruwa. Na Allah ne shi, na Allah ne mu, kuma hanyar da ya bi ita ce a gabanmu.

An gaya mini abin da ake faɗa a garinku. Wai arha ce ta kashe shi. Wai da ya sayi keken Ingila kamar sauran mutane, da yanzu yana ƙofar gida yana shan shayi. An ce gobe da safe ɗansa Yakubu zai ɗauki abin da ya rage na keken ya jefa a kogi, don kada mahaifiyarsa Hannatu ta ƙara ganinsa. Ni sana'ata ƙarfe ce, ina roƙon a dakata. In keken nan ya shiga ruwa, maganar za ta zauna a kan Maliki har abada: tsohon da rowa ta kai kabari. Wannan ƙarya ce, kuma akwai mai rai da ya san ƙarya ce.

Maliki, da kai nake yanzu.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da ka tafi Madani bayan an gama tsinkar auduga, ka shiga babban kantin nan da ake sayar da komai a rufi ɗaya, daga bargo da fitila har agogon bango. A lungu, bayan tukwane, ka ga keke baƙi marar suna. Takardar da aka manna masa a wuya ruwan farko ya wanke ta, har yau ba wanda ya san ƙasar da aka ƙera shi. Yaran kanti ne suka haɗa shi, su kuwa bargo suka iya ninkewa. Birkin baya ba ya kamawa, sirdi yana kallon sama, sarƙa tana faɗuwa in ka yi tari. Kafin ka iso gida ka tura shi fiye da yadda ka hau shi.

Alhaji Sambo, wanda ke da keken Ingila kore mai fitila, ya zagaya naka sau biyu ya ce, "Maliki, wanga keke ne ko tarkon ɓera?"

Ka ce, "Bari in tambaye shi, Alhaji. Bai saba da ni ba tukun."

Kwana uku ka yi a ƙarƙashin itacen bedi na ƙofar gidanka. Ka kwance shi ƙarfe ƙarfe, ka jera a tabarma, ka wanke, ka mayar da kowane a mazauninsa da hannunka. Daga ranar, kowace Juma'a da hantsi kana kifa shi ƙafafu sama. Ka bi kowane noti da yatsa, ka ɗiga man riɗi a sarƙa da gashin kaza, ka ƙwanƙwasa ƙarfen da bakin wuƙa kana saurare kamar mai sayen tulu. Kana cewa ƙarfensa mai laushi ne, notinsa yana kwancewa, fentinsa ba ya jimre rana, duk ka yarda. Amma ba ya ɓoye ciwonsa. Wanda ya dube shi sau ɗaya a mako zai ga inda yake shirin lalacewa tun kafin ya lalace.

A matsayina na masanin ƙarfe ina shaida cewa gaskiya ka faɗa. Keken kanti ba keken mai ƙyuya ba ne. Wanda ya saye shi ya sayi rabin keke, sauran rabin a hannunsa yake. Kai kuwa kana da hannun.

Ku da ke zaune a kan tabarmin nan, wane ne a cikinku bai hau shi ba? Keken Alhaji Sambo, Allah Ya ƙara masa lafiya, yana rataye a ɗaki cikin bargo, sai ranar Salla yake ganin rana. Ba laifinsa ba ne, abu mai tsada ba a ba da aronsa. Na Maliki a jingine yake da bedi, ba kwaɗo ba sarƙa. Ranar da kunama ta harbi ɗiyar Dije, a kansa aka kai ta asibitin Kamlin, Dije a baya da yarinya a ƙirji, Maliki yana taka feda a tsaye. Baƙin da ke zuwa tsinkar auduga daga yamma, shi ke kai musu wasiƙa gidan waya, ya dawo musu da sukari da maganin ido. In ruwa ya zo layin gonakinku a lokacin da ba a zata ba, ƙarar nan tasa za ku fara ji, ƙiƙi, ƙiƙi, daga madigadin baya da ke gogar taya, kowa ya san Maliki ne ya zo faɗa, a ɗauki fartanya. Maliki, wannan ƙarar kaɗai ka ƙi gyarawa. Ka ce ƙararrawa ce da kanti ya ba ka kyauta.

Duk samarin garin a kansa muka koyi, wato suka koyi hawa. Sun kayar da shi a ƙaya, sun kayar da shi a laka. Ba ka taɓa zagin kowa ba. Sai ka duba gwiwar yaro, sannan ka duba keke.

Cikinsu akwai jikanka Jibo, ɗan ɗiyarka Mero, saurayi mai shekara sha tara wanda ba a yarda da maganarsa ko ya ce rana ta fito. Kamar yadda aka saba tsakanin jika da kaka, yana kiran Hannatu matarsa, kai kuma tsohon da ya ƙi sakinta. Ya taɓa sa maka kwaɗo mai rai a jakar kayan faci. Ya taɓa juya maka sirdi gaba ya koma baya. Kai kuma kana ce masa, "Angon Hannatu, in ka gaji da keken ka zo ka ɗauki matar, ita ta fi cin mai."

Ga abin da bincikena ya gano.

Mako uku kafin faɗuwarka, kana barcin rana, Jibo ya ɗauki keken. Ya ga 'yan mata suna wanki a bakin ƙaramar magudanar da ke shiga gonaki, ya ce musu zai tsallake ta a kan keke. Ya ja baya, ya taho da gudu. Ƙafar gaba ta daki gaɓar can, ya kifa cikin laka, 'yan mata suka yi dariyar da yake nema. Da ya wanke keken sai ya ga tsaga a ƙarfen da ke riƙe da ƙafar gaba, daidai ƙarƙashin wuya. Siririya ce kamar gashi, rabin zagayen ƙarfen.

Mai walda a Kamlin zai ɗinke ta kafin shayi ya huce. Kalma ɗaya ake bukata. Kuma ba dūka Jibo yake tsoro ba, don ba ka dūka. Abin da ya kasa ɗauka shi ne a ce wasan ya juyo kansa, ka samu abin tsokanarsa da shi a gaban mutane har shekara.

Kun san yadda samari ke naɗe ƙarfen keke da tsummoki masu launi in biki ya gabato. Jibo ya roƙi tsohon jan zanen Hannatu, ya yayyaga shi siri siri, ya fara naɗi daga kan tsagar. Don kada wurin ya fita dabam sai ya naɗe keken gaba ɗaya, har da tuntu a hannu. Da ka tashi daga barci ka daɗe kana kallo. Ka kira Hannatu ka ce, "Zo ki gani, yau angonki ya yi abin kirki, rubuta ranar." Ka hau ka zagaya gari ana yi maka barka.

Juma'a ta zo, ka kifa shi. Ka bi noti, ka ɗiga mai. Da hannunka ya kai kan jan zanen sai ka shafa shi kawai ka wuce. Jibo yana tsaye yana riƙe maka kwalbar mai. Juma'a ta biyu haka. Ta uku haka, kuma ranar ce ka hau za ka masallacin Kamlin, ƙarfen ya rabu biyu a gangaren gada, ƙirjinka ya sauka a kan dutsen gefe.

Shekara goma sha ɗaya keken nan bai ɓoye maka komai ba. Rufe masa baki aka yi.

Kwana na biyu da kwanciyarka ka ce a kawo maka karyayyen ƙarfen. Ka ce kowa ya fita, angon Hannatu ya tsaya ya yi maka fifita. Ka warware jan zanen a hankali, numfashinka yana fita da ƙyar. Duk wanda ya san ƙarfe ya san sabuwar karaya fara ce tana ƙyalli, tsohuwa kuwa tana da tsatsa. Rabin bakin ƙarfen fari, rabi ja. Ka sa babban yatsa a kan tsatsar ka daɗe. Ba ka ɗaga ido ba. Sannan ka mayar da zanen, ka naɗe, ka ƙulle da haƙori, ka ce, "Ɗaurinka ya fi nawa kyau. Ƙara fifitar."

Da la'asar Alhaji Sambo ya zo dubiya, ɗaki cike da mutane. Ya ce, "Maliki, ba don in tayar da magana ba, amma na sha gaya maka."

Kowa ya jira amsarka, don ba ka taɓa barin a zagi keken nan ka yi shiru ba. Ka ce, "Gaskiyarka, Alhaji. Keken ne. Abin arha ne, ya gaji."

Daga bakinka maganar ta fita, shi ya sa ta kama gari.

Ranar sadakar uku jikoki suka yi abin da jikoki ke yi, a sa rigar mamaci a kwaikwayi tafiyarsa don a ba masu kuka dariya. Aka ce wa zai yi in ba Jibo ba. Aka sa masa farar rigarka da rawaninka, aka ɗaga masa gaban keken da igiya, ya shigo tsakar gida yana jan ƙafar baya. Madigadi ya yi ƙiƙi, ƙiƙi. Ba wanda ya yi dariya. Hannatu ta ɗaga labulen ɗakin takaba, ta dubi rigar, ta ce a hankali, "Ka dawo? Ruwa ya kai ƙarshen gonar?" Sai aka ji an amsa mata, "Ya kai, Hannatu," da muryarka, da ɗan tarin nan naka a ƙarshe. Wallahi ban shirya faɗin haka ba. Wato Jibo bai shirya ba.

Tun ranar yake jin ƙarar. Ba cikin barci ba, da rana tsaka, lokacin da gona ta yi tsit kuma zafi yana rawa a kan ruwa. Tana tahowa ta bakin tur'a daga bayansa, ba sauri, kamar yadda kake tuƙi in za ka tsaya ka yi wa mutum magana. In ya waiwaya sai ta tsaya. In ya ci gaba da tafiya sai ta biyo shi. Ba ta taɓa wuce shi ba. Shekaranjiya ya tsaya a tsakiyar hanya ya ce, "Tsoho, faɗi abin da za ka faɗa." Ba abin da ya amsa sai ruwa.

Allah Ya jiƙanka, Maliki. Allah Ya yalwata maka kabari kamar yadda ka yalwata wa mutane abin hannunka. Allah Ya sa ciwon kwana shidan nan ya zama kaffara. Ƙaryar da ka yi a gadon mutuwa don ka rufa wa wani asiri, Allah kada Ya rubuta ta a kanka, Ya rubuta ta a kan wanda aka yi dominsa. Ina yi wa Hannatu ta'aziyya, da Yakubu, da Mero, da Dije da duk wanda keken nan ya taɓa kaiwa inda ƙafa ba za ta kai shi da wuri ba. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya sa mu cika da imani.

Malam, na san tun layi na biyu ka gane rubutun, kai ka koya mini shi a allo. Na gode da ba ka tsaya ba. Babu wani Alhaji Sa'idu a Makwar, ko akwai ban san shi ba, ban taɓa ganin madatsar da idona ba. Na ari babban suna ne don da na sa nawa, da kun fara dariya kafin a kai ga maganar, ku ce wani sabon wasa ne.

Ni ne Jibo. Ni na tsaga ƙarfen, ni na naɗe shi, ni na riƙe kwalbar mai Juma'a uku ban buɗe baki ba. Ƙarfen yana ƙarƙashin gadon Kaka Hannatu. A warware zanen a gaban kowa, a ba Alhaji Sambo ya fara dubawa.

Inna, ki yafe mini. Kaka Hannatu, ban san da wane suna zan ƙara kiranki ba.

Kawu Yakubu, ina ƙarshen tabarma, wajen takalma. In Malam ya shafa fatiha, ina nan zaune.