Hannun da Mamman ya ɗaga

Bana shekara takwas ke nan da rasuwar aminina, Malam Mamman mai injin niƙa na Daudawa. Allah shi jiƙanshi. Ni da karatuna ya tsaya a aji huɗu ban isa in sa baki a harkar masana ba, amma tunda jarida ba ta tambayar takardar shaida, ga ni.

Inji ya cinye kunnen Mamman tas. In za ka gaishe shi sai ka taɓa kafaɗarshi. Wata shekara sai ga ɗalibai masu koyon ilimin ji, da fararen riguna, wai za su shiga gasar gabatar da bincike, suna son auna kunnen masu niƙa. Wanda ya faɗi gwajin za a kawo mishi na'urar ji. Aka kifa wa Mamman wani abu a kunne, aka nuna mishi in ya ji ƙara ya ɗaga hannu.

To, Mamman ba ya kunyata baƙo. Sai ya zuba wa yatsan ɗalibin da ke danna maɓallin ƙarar ido: yana dannawa, Mamman na ɗagawa. Da suka tafi na tambaye shi da hannu ko ya ji wani abu. Ya ce, "Ina fa. Amma ɗan mutane ya sha hanya."

Daga baya aka nuna mini a waya. Ga ɗalibin a kan dandamali, hoton Mamman ya cika bango, gari har gira, ana ta tafi. Wai bincike ya nuna ƙarar inji ba ta yi wa mutumin ƙauye komai. Ɗalibin ya ci kofi. Alƙalan gasar duk manyan likitocin kunne ne, amma ba wanda ya ce a zo Daudawa a yi wa mutumin nan sallama ta bayanshi. Na'ura kuwa Mamman bai samu ba, tunda ya ci jarrabawa. Haka ya tafi bai taɓa jin muryar jikarshi ba.

Bana wasu sun zo, gasar na nan. Lawal ɗan Mamman ke kan inji yanzu, kuma matarshi ta fara kiranshi da jifan tsakuwa. Na ga idonshi ya sauka kan yatsan ɗalibar da ke gwada shi, sak ubanshi.

Na ce, "Ɗiyata, juya shi ya kalli bango."

Ta ce, "Ai haka ma littafi ya ce, Baba."

Ashe har littafi ya sani.

Ta danna, ta sake dannawa, hannun Lawal na kan gwiwa. Ta ce yana cikin masu samun na'ura. Ko za ta ci kofi, ko na'urar za ta iso, Allah masani.

Da Mamman na nan da ya yi mini faɗa, ya ce na kunyata baƙuwa. Kirkinshi ya zama kofi, yana can a falon wani likita, ana goge mishi ƙura. Lawal ya gaji injin, ya gaji kirkin. Kurumtar ce kawai na hana a raba da ita cikin gado.