Ƙarar Agogo

Shekara talatin da ɗaya Mai Agogo ya yi a shago ɗaya, a kan kujera ɗaya, da ɗan gilashin nan mai kama da murfin kwalba maƙale a idonsa na dama, har idon ya fi na hagu girma. Bai taɓa makara ba, kuma bai taɓa yafe wa wanda ya makara ba. Matarsa takan ce ko gaisuwa yake yi, rabin idonsa yana kan tsintsiyar hannunka. Agogon bango arba'in da biyu ne rataye a shagon. Wasu masu su sun manta da su, wasu ma sun riga mu gidan gaskiya, amma kullum da safe sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya murɗa musu makulli. Duk mai wucewa ta layin da su yake saita lokacinsa, kuma da wannan Mai Agogo yake taƙama.

Sai mai gida ya raba shagon biyu da allon katako, ya ba wani mai gyaran takalma rabi. Shumeka ake ce masa. Mutum ne mai fara'a, yana kiran Mai Agogo Yaya, shi kuwa yana amsawa da hanci.

Wata rana Shumeka ya jingine wayarsa da gwangwanin gam, ya ɗauki hoton hannayensa suna ɗinke tafin takalmi, ya ɗora a manhajar nan da duk duniya ke zuba bidiyo. Kafin wata shida mabiyansa sun fi mutanen unguwar yawa. Bencin da ake zama a ƙofar Mai Agogo ya fara matsawa da kansa, yau taku ɗaya, gobe taku biyu, har ya koma ƙofar Shumeka.

Mai Agogo ya ce shi ko a jikinsa, wa zai ɓata lokacinsa a kallon tsohon takalmi? Amma babu bidiyon da bai kalla ba, wayar a cikin aljihun tebur, murya ƙasa-ƙasa.

Autarsa, wadda take aikin akawu a ofishin wani lauya, ita ta ɓallo ruwa. Ta kawo masa abincin rana, ta zauna tana fassara masa abin da mutanen ƙasashen waje suke rubutawa a ƙarƙashin bidiyon. Ashe ba takalmin suke yabo ba. Wata ta ce wannan ƙas-ƙas-ƙas da ke tashi a baya shi ke sa jaririnta barci. Wani ya ce yana tuna masa da ɗakin kakansa. Wani kuma ya tambaya, wane irin kayan kiɗa ne wannan? Shumeka bai ba shi amsa ba sai hoton fuska mai dariya.

Mai Agogo ya ture kwanon abincin. Agogonsa, guminsa na shekara talatin da ɗaya, ana ji a bayan teku, kuma ko sunansa ba a faɗa ba.

Ya fara da mai gida. Mai gida ya ce katangar tasa ce, amma abin da ya ratsa ta ba ruwansa. Ya tari wani ɗan sanda da ya zo canjin batir, ya ce yana so ya kai ƙara. Ɗan sandan ya tambaye shi ƙarar me, ya ce ƙarar agogo. Ya ce to agogon ne ya yi laifi? Sai da suka yi ta zagaye kafin ɗan sandan ya gane ƙara ce za a kai a kan ƙara, ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya ce ya je ya nemi masu manhajar.

Da yamma ya sa Auta a gaba a tsakar gida, ya ce ta nemo masa inda ake shari'ar masu manhaja. Ta buɗe wani dogon rubutu, tana ja da yatsa, ba ya ƙarewa. Ta ce a nan an rubuta cewa duk wata rigima da kamfanin, dokar ƙasar da kamfanin yake ita za a bi, a kotun can. Shi kuma Shumeka dokar nan gida ce a kansa. Matar nan mai jariri kuwa, dokar ƙasarta ce ke faɗin abin da za a nuna mata.

"Tsaya," in ji shi. "Tsakanina da mutumin nan katako ne, kaurinsa bai kai yatsana ba. In ya yi atishawa ni nake yi masa sannu. Kuma ki ce alƙalinmu yana bayan teku?"

"Ai kai ka yarda, Baba."

"Yaushe?"

"Ranar da ka buɗe manhajar. Ka danna inda aka ce na amince."

Matarsa, da ke shanya a gefe, ta ce ikon Allah, ashe yana da manhajar, ita da ta ji an ce ba a ɓata lokaci a kallon tsohon takalmi. Ya sa Auta ta cike takardar koke a wayar, ta aika.

Sati biyu shiru. Sai ya ce to, akwai ƙasar da dokarsa ce ke aiki, kuma faɗinta taku shida ne. Da safe ya bi agogon arba'in da biyu ya tsayar da su cak.

Ranar farko ya ji daɗi. Yana jin Shumeka ta bayan katako yana ta bubbuga wayarsa, yana zaton ita ta lalace. Rana ta biyu wata mata ta kawo gyara, ta ɗaga kai ta ga duk bangon babu mai motsi, ta mayar da agogonta jaka ta ce za ta dawo. Rana ta uku shi kansa ya kasa aiki. Hannunsa ya saba tafiya da ƙarar, sai ga 'yar ƙaramar ƙusa tana kuɓuce masa tana faɗawa ƙarƙashin tebur. Yana durƙushe yana lalube Shumeka ya leƙo.

"Yaya, lafiya kuwa? Mutanena suna ta tambaya ko rasuwa aka yi."

Mai Agogo ya ce ai a bidiyo agogon ba su da mai su, shi ya sa suka gaji. Shumeka ya sosa ƙeya. Ya ce wallahi bai ɗauka abin ya dame shi ba, ya zaci babba kamarsa ba zai so a sa shi a waya ba. A nan tsaye ya rubuta a ƙarƙashin kowane bidiyo cewa ƙarar ta agogon yayansa ce, mai gyara na shekara talatin.

"Da ɗaya," in ji Mai Agogo. Aka gyara.

Amsar kamfanin sai bayan wata uku ta iso. Auta ta karanta masa: sun duba, a dokar da suke bi ƙarar agogo ba mallakin kowa ba ce. Ya ce su riƙe dokarsu, Allah ya ba su lafiya.

Yanzu bencin yana tsakiya, ƙafa biyu a kowace ƙofa. Mabiyan Shumeka sun ƙaru, kuma har yau abin yana sosa wa Mai Agogo rai. Akwai wani babban agogo mai ƙararrawa da ya ciro daga can ciki ya rataya a jikin katakon. Shi kaɗai ne a shagon ba ya kan daidai. Yana bugawa ne da ƙarfe goma da minti uku, daidai lokacin da Shumeka yake buɗe baki ya gaida mutanensa.