Layin Bakura

Bakura ya rasu. Da safen nan matarsa ta kira ni, ina bakin titi ina jiran keke. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.



Duk mai shiga kasuwar kifi ta Baga Road ya san shi, dogon nan mai ɗaure kwalayen banda, mai tsohuwar waya da aka naɗe da roba. Ba irin tsiyar da ban yi masa ba a kan wayar nan. Sai ya yi dariya ya ce, "Sani, ka bar ta, tana aiki."

Sai da muka saba ya faɗa mini dalili. Ranar da mahara suka shiga garinsu a bakin tafki, kowa ya yi ta kansa. Shi ya goyo mahaifiyarsu, Ya Falmata. Ƙaninsa Modu ya bi wata hanya, kuma ba a sake ganinsa ba. Lamba ɗaya Modu ya haddace a duniya, ta Bakura.

Shi ya sa bai taɓa canza layi ba, bai taɓa ƙin ɗaga baƙuwar lamba ba. Ko ɗan damfara ne ya kira, sai ya saurari muryarsa tsaf kafin ya kashe.

Shekaru ke nan ana haka. Ya yi aure, ya haihu, ya ƙi sa wa yaron suna Modu, wai ba a mayar da sunan mai rai.

Lokacin da babana ke kwance, kullum sai ya cusa mini kifi a leda. "Kai wa Baba, a yi masa romo."

Makon jiya na je duba shi a asibiti. Ciwon ƙoda, ƙafafu sun kumbura, wayar tana caji kusa da filo. Ya riƙe hannuna ya ce, "In barci ya ɗauke ni ka ɗaga. Amma ka fara da gaisuwarmu ta Kanuri, ka ce wushe, kada Modu ya ji Hausa ya zaci ba layina ba ne."

Na ce ai Kanurina ne zai kore shi. Muka yi dariya. Ashe shi ke nan.

Yanzu ina gidansu a Jiddari Polo. Ya Falmata ta damƙa mini wayar. Tun ɗazu take ringin, masu ta'aziyya ne. Amma duk baƙuwar lambar da ta shigo sai tsohuwar nan ta ɗago kai ta kafe ni da ido, ni kuma in girgiza mata kai. Abin ya fi ƙarfina.

Allah ya jiƙan Bakura, ya yafe masa, ya sa ya huta. Don Allah duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a.

Ku haɗa da Modu. Ban san wadda zan ce ku yi masa ba, ta rayayyu ko ta mamata. Ku dai yi, Allah ya san inda yake.