Motocin Tsere a Hanyar Wankin Ƙoda

Shekara biyu na yi ina kai yayana wankin ƙoda, Asabar da Litinin da Laraba. A cikin shekara biyun nan na haddace yawan mintunan da wasu motoci ke ɗauka kafin su zagaye wani fagen tsere a Jamus, motocin da ko a mafarki ban taɓa gani ba. Ni ban nemi wannan ilimi ba. Lasisi ma don shi na yi, da aka buɗe wa mata tuƙi a nan Saudiyya, lokacin sukari ya riga ya rage masa gani. Abu ɗaya nake so a wajensa: ya yarda in ba shi ƙodata. An gwada jinina tun watannin farko, likita ta ce mun dace, amma ba a sa wa mutum ƙodar wani sai ya sa hannu da kansa. Takardar tana cikin durowar gaban motata, daidai inda gwiwarsa ke gogawa.

Mu 'yan unguwar Harra ta Yamma ne, a Madina. Kakanninmu da ƙafa suka zo aikin hajji, suka zauna a Madina, a nan aka haifi Baba, a nan aka haife mu. Yaya ya girme ni da shekara goma sha ɗaya. Baba ya rasu ina firamare, Yaya ne ya riƙe ni, shi ya aurar da ni. Nasa auren bai yi ƙarko ba, babu haihuwa, sai ya zauna shi kaɗai a gidan Baba. Shekara talatin yana da shagon facin taya, abin da a nan muke ce wa banshar. Motar da ya taɓa mallaka a duniya tsohuwar a-kori-kura ce mai ƙofa ɗaya da ba ta buɗuwa ta waje.

Bayan sallar Asuba nake tsayawa a ƙofar gidan, in danna ham sau ɗaya. Sai ya fito a hankali, yana kare hannunsa na hagu inda ake sa masa allura. Ya zauna, ya yi bisimilla, ya ɗago waya har tana taɓa hancinsa, don sai haka yake gani.

"Auta, kin san sabuwar ta Jamus ɗin nan ta sauka ƙasa da minti bakwai?"

"Allah ya sanya alheri," in ce.

"A'a, tsaya. Ba haka ake ji ba. Tambaya za ki yi, da wace taya?"

Yana da ƙa'idojinsa, kuma ba ya wasa da su. Ƙarfin inji a wajensa surutu ne. Gudu a miƙaƙƙiyar hanya kuwa, cewa yake ko ni zan iya, ƙafa ce kawai. Mota ba ta nuna kanta sai a zagaye, inda akwai kwana da hawa da gangara, a danna agogo a tashi, a danna a dawo. Ko a nan ma ba ya yarda da lamba sai ya bincika. An yi ruwa ranar? Wa ya tuƙa? Motar yadda ake sayar da ita ce, ko sun cire kujeru sun rage mata nauyi? Idan ya gano an sa wa wata tayar tsere an kwatanta ta da mai tayar titi, ransa ɓaci yake yi kamar shi aka cuta. "Kowa na kallon inji," yake cewa, "alhali taya ce ke taɓa ƙasa."

Ina barinsa ya yi nisa, sai mun wuce shataletalen farko in shigo da tawa.

"Yaya, likita ta sake tambayata jiya."

"Ita kuwa ta Italiyan, kyau ne kawai. Sakan biyar ta Japan ta ba ta, kuma ta Japan ɗin kamar firji take."

"Yaya, magana nake maka."

"Kula da gabanki, ga mai bas can zai shigo."

Haka muke har ƙofar asibiti. Wallahi wata rana ji nake kamar in fizge wayar in wurga ta ta taga. Amma ko sau ɗaya ban ɗaga masa murya ba, mutumin da ya koya mini ɗaura takalmi.

Akwai abin da na sani tun ina amarya, ban dai taɓa haɗa shi da wannan ba. Yaya bai taɓa cin abinci a gidana ba. Zai zo gaisuwa, ya sha gahawa, ya ɗauki dabino ɗaya, ya tashi. Idan na aika masa da tuwo, kwanon ba ya dawowa sai da nama ko kayan marmari a ciki. Haka manyan unguwarmu suke, wa ba ya karɓa daga hannun ƙanwa, balle a gidan mijinta. Ni a tunanina wuƙa yake tsoro. Sai na yi ta kawo masa labarin waɗanda aka yi wa aikin suka tashi lafiya. Da na ga ba ya ji, na yi wautar da har yau nake mamakin kaina: na tura masa maigidana.

Maigidana mutumin kirki ne, ya je da zuciya ɗaya. Ya ce masa shi ya yarda, ya ba da izini, kada Yaya ya damu da komai, yara ma za a kula da su. Ya dawo yana murna, wai Yaya ya karɓe shi da fara'a, har ya raka shi bakin titi. Da na ji "har bakin titi" na san an ɓata, wannan rakiyar baƙo ce ba ta ɗan gida ba. Suruki ya je har gidan Baba ya ce wa Yaya ya ba shi izinin karɓar abu daga jikin ƙanwarsa. Ni da aka haifa a gidan nan, ya kamata in san yadda wannan zai sauka a kunnensa.

Asabar ɗin da ta biyo bai ce komai a kai ba. Motoci ne dai suka ƙaru. Ya shigo da masu aiki da lantarki, yana jin haushinsu don suna da nauyi kuma ba sa ƙara, amma ya yarda lambarsu lamba ce.

Daga nan wani abu ya kwanta a cikina. Ba fushi ba ne, ban kuma ce haƙuri ba ne. Ina tashi, ina tuƙi, ina jira awa huɗu a ɗakin zaman mata, ina mayar da shi gida. Idan ya fito daga wankin, fuskarsa ta yi toka, ƙafarsa na rawa, ina kallonsa kamar yadda nake kallon fitilar kan hanya. 'Yata babba ta tambaye ni da Larabci ko ba ni da lafiya, na amsa mata da Hausa cewa lafiyata ƙalau, kuma gaskiya na faɗa, babu inda ke mini ciwo.

A ɗakin jiran nan na fara kallon bidiyon da yake turo mini. Kyamara a cikin mota, hannun direba a kan sitiyari, bishiyoyi na wucewa, agogo na tafiya a gefe. Ba na kunna sauti. In ɗaya ya ƙare in danna na gaba. Kafin wata uku har musu nake yi da shi.

"Haba Yaya, wannan ai da sanyin safiya aka gwada ta. A kawo ta nan da Azahar mu gani."

Ya yi dariya har da tari. "Kai, Auta ta zama 'yar gari! To ke da ko gudun arba'in ba kya wucewa?"

Na daina ambaton likita. Takardar tana nan, ni ma ina nan, kullum ina ce wa kaina sai Laraba mai zuwa.

Wata Laraba da muka fito ya ce kada in yi gida, in kai shi Awali, unguwar gonakin dabino. Lokacin nunan dabino ne. An hana shi dabino tun da aka fara wankin, mutumin Madina guda, ko ƙwaya ɗaya. Na ɗauka gani kawai yake so ya yi. Muka shiga tsakanin katangun gonaki, hanya ƙarama, ina tafiya kamar mai tura baro. Wayar tana aljihunsa, bai fito da ita ba. Da muka kai wata inuwa ya ce in tsaya.

Ya buɗe durowar da kansa, ya ciro takardar. Ashe ya san inda take. Bai buɗe ta ba, ya ɗora mini a cinya.

"Na ga likitocin tun watan jiya," ya ce. "Na ce su rufe maganar. Sun rufe."

Na dubi takardar a cinyata. Ya ci gaba.

"Ranar da Baba zai rasu, hannunki ya sa a nawa. Cikakkiya ya ba ni ke. Ba zan je in same shi in ce na cire wani abu na yi amfani da shi ba."

"Yaya, mutuwa za ka yi."

"Na sani, Auta. Ai ba yaro ba ne ni."

Na jira in ji wani abu. Na jira kuka, ko faɗa, ko in rantse masa da Allah. Babu abin da ya zo. Ta ƙofar gonar ina hango wani ma'aikaci yana jan tiyon ruwa daga gindin wata bishiya zuwa wata, na bi shi da ido har ya gama. Sannan na ji bakina yana tambaya, wai tsakanin ta Jamus ɗin da sabuwar mai lantarki, wacce ce a gaba yanzu. Ya dube ni na ɗan lokaci, ya ciro wayar, ya kai ta hancinsa, ya fara yi mini bayani. Na tayar da mota muka koma gida.

Wata bakwai muka ƙara. Zuciyarsa ce ta gaza, ranar wata Juma'a da hantsi, ranar da ba ta wanki ba. Aka yi masa salla a Harami bayan La'asar. Ina sahun mata na ji an sanar da sallar gawa, aka yi kabbara huɗu, aka sallame. Shi da wasu mamatan aka haɗa, ban san ko su nawa ba ne. Maza suka ɗauke shi da sauri zuwa maƙabartar Baƙi'a. Mata ba sa shiga, sai na tsaya a bakin shinge tare da baƙi masu ziyara, ina ganin farin kaya na tafiya can nesa, ban iya bambance wane ayari ne namu ba. Wata mata 'yar ziyara ta miƙo mini wayarta in ɗauke ta hoto, na ɗauke ta.

Bara na je duba lafiya, maigidana ne ya matsa. Likitan saurayi ne, bai san ni ba. Ya duba sakamakon, ya ce masha Allah, ƙodojina biyu suna aiki kamar na 'yar shekara ashirin, in ci gaba da duk abin da nake yi. Ya tambaye ni ko akwai mai ciwon ƙoda a danginmu. Na ce da akwai. Ya rubuta, ya kira mai bi mini.